Fargabar Sabon Ɗan Takara a Musabaƙar Alƙur'ani

A shekarar 1986 ne Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato, wadda aka mayar wa suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta fara shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa. Har yau cibiyar ce ke riƙe da ragamar gasar, jihohi kuma suna karɓar baƙuncinta bi da bi. Ɗalibi yakan faro daga makarantarsa, ya haye ƙaramar hukuma, ya kai jiha, sannan matakin ƙasa. Wanda Allah ya ba sa'a yana iya wakiltar Najeriya a gasar Sarki Abdul'aziz da ake yi a Makka tun 1979, ko ta Dubai da aka soma a 1997. Akwai rukunin izu 60 da tafsiri, da izu 60, da 40, da 20, da ƙananan rukunai na masu tasowa, maza daban, mata daban.

Da yawa daga masu shiga ba su taɓa riƙe lasifika ba. Yara ne da matasa na Islamiyya da tsangaya, waɗanda suka saba biya karatu a gaban malaminsu kaɗai. Irin wannan ɗalibi yana iya zama haddarsa ta zauna daram, amma ranar gasa fargaba ta kwance masa ita. Saboda haka duk mai shirya yaro ya kamata ya san mece ce fargabar nan, kuma ta wace ƙofa take shiga.

Yadda zaman yake

Za a kira sunan ɗan takara da na jiharsa ko ƙaramar hukumarsa. Zai taso ya ratsa jama'a, ya hau mumbari ya zauna shi kaɗai, alƙalai suna fuskantarsa da alƙaluma a hannu. Bai san inda za a tambaye shi ba. Za a karanto masa farkon aya, shi kuma ya kama daga nan ya ci gaba har a tsayar da shi. Idan ya yi kuskure sai ya ji ƙararrawa. In ya gyara da kansa, makin da za a rage kaɗan ne. In ya kasa har alƙali ya buɗe masa, ragin ya fi yawa. Ana auna hadda, ana auna tajwidi, ana kuma sauraron murya da kyan tsayawa da farawa. Duk wannan cikin 'yan mintoci, bayan shekaru ana wahala.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan mutum ya ji yana cikin haɗari, jikinsa yakan saki wani sinadari da likitoci ke kira adiranalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe da gumi, gwiwa ta kama kyarma. Jiki ba ya bambanta tsoron zaki da tsoron taro. Ga makaranci kuwa wannan babbar matsala ce, domin numfashi da harshe su ne kayan aikinsa. Gajeren numfashi yana sa a datse maddi ko a tsaya inda bai dace ba, busasshen baki kuma yana ɓata fitar haruffa.

Amma ba duka fargaba ce aibu ba. A 1908 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Robert Yerkes da John Dodson, suka wallafa binciken da aka gina wata sananniyar ƙa'ida a kansa: matsakaicin zumuɗi yana kaifafa hankali, wanda ya wuce kima kuma yana rikita shi, musamman a aiki mai wuya. Ke nan wanda gabansa ke faɗuwa kaɗan kafin a kira shi lafiyarsa ƙalau. Abin gudu shi ne fargabar ta kai ga toshe tunani.

Inda ake tuntuɓe

Alƙalai sun san wuraren da ƙafa ke zamewa, wato ayoyi masu kama da juna, waɗanda malamai ke kira mutashabihat. Ƙissar Annabi Adamu da Iblis ta zo a Baƙara da A'arafi da Hijri da Isra'i da Kahfi da Ɗaha da Sadi, kowace da tsarin lafazinta. Labarin umartar Bani Isra'ila da shiga alƙarya ya zo a Baƙara da A'arafi, kalmomin kusan ɗaya, sai 'yan bambance-bambance na gabatarwa da jinkirtawa. A Suratur Rahman aya guda ta maimaitu sau 31, a Mursalat wata ta maimaitu sau 10, kuma dole a tuna abin da ke biye da kowace. Mai natsuwa yakan lura da mararrabar tun kafin ya iso ta. Wanda ya firgita kuwa, harshensa ne ke jansa, sai ya tsinci kansa a wata sura. Haka ɗalibin da ya tashi da ruwayar Warshu a tsangaya, daga baya ya koma Hafsu: idan hankali ya tashi, tsohon sabo ne ke fara fitowa.

Shirin da ke amfani

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tushen shiri shi ne tishi na kullum, a riƙa zagaye haddar gaba ɗaya, kada a tsaya kan izun da aka fi so. Ya kyautu ɗalibi ya riƙe mus'hafi iri ɗaya, kamar bugun Madina mai shafi 604 da layi 15 a shafi, domin ido yana haddace gurbin aya kamar yadda kunne ke haddace sautinta. Ya ware littafi yana rubuta ayoyin da ke rikita shi, kowace kusa da 'yar'uwarta. Ƙa'idojin tajwidi kuma ya karɓe su daga bakin malami, da taimakon littattafai irin su Tuhfatul Aɗfal da Jazariyya.

Sai abin da aka fi sakaci da shi, wato sabawa da taro. Malami ya tara ɗalibai da iyaye, ya kawo lasifika da ƙararrawa, ya gayyato baƙon alaramma ya yi tambaya daga inda ya ga dama. Yaron da ya sha jin ƙararrawa a makarantarsu ya riga ya koyi abin yi: ya yi shiru kaɗan, ya ja numfashi, ya koma farkon ayar.

Murya ma amana ce. Idan gasa ta faɗo lokacin hunturu, ƙura da bushewar iska suna shaƙe maƙogwaro, don haka makaranta sukan guji ruwan ƙanƙara, su koma ruwan ɗumi da zuma da citta. A daren jajibiri kuma barci ya fi kwana tilawa amfani, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka zuba mata.

Kalma ga iyaye da malamai

Babban nauyin da ke kan yaro sau da yawa daga gida yake zuwa: maganar mota da kujerar Makka da rawanin gwarzon shekara, da tsoron kada ya kunyata unguwa. Wanda aka ɗora wa wannan kaya yana hawa mumbari da tunani biyu. A tuna masa cewa don Allah ya haddace Littafin, kuma haddarsa tana nan ko ya zo na ɗaya ko bai zo ba. Ku shirya shi da wuri, ku saba masa da taro, ku yi masa addu'a, kuma idan ya sauko ku tarbe shi da fara'a kowane maki ya samu.