Ba Kowace Kwandala Mai Ƙyalli Ce Furuf Ba

Ana ta yawo da maganar cewa duk tsohuwar kwandalar da ke sheƙi kamar madubi furuf ce, irin wadda attajiran Turai da Amurka ke zuba wa miliyoyi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma kaɗan.

Furuf suna ne na yadda aka buga kwandala. Sai an goge hatimin bugawa, an goge ƙarfen, a buga sau biyu ko fiye, sannan a ɗauke ta a hankali kada ta gogi 'yar'uwarta. Wadda aka buga don cefane, ko an kwana ana dirzar ta da toka da lemun tsami, ba za ta koma furuf ba. Dirzar ma kashe mata farashi take yi, don dillali na ɗora gilashinsa zai ga kowane karce.

Kuma ba dukansu ke ƙyalli ba. Furuf ɗin sentin Amurka mai hoton Lincoln, daga 1909 zuwa 1916, dishi-dishi aka yi shi, wasu na zinariya a zamanin har yashi aka fesa musu da gangan. Masu saye suka yatsine fuska, aka buga kaɗan, ƙarancin nan ne ya sa yau suke tsada.

Shekarar da ke jiki ma takan yaudari mutum. Shahararriyar dalar Amurka mai ɗauke da 1804, sai a 1834 aka fara buga ta, don kyauta ga Sarkin Siyam da Sarkin Maskat, Sa'id bin Sultan. Waɗanda aka sani ba su kai 20 ba, kuma gaskiya ne ta Sarkin Maskat ta ci dala miliyan 7.68 a gwanjon 2021. Mu bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba: dalar azurfa ta Mariya Tereza da fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa, har yau Ostiriya na buga ta da 1780 a jikinta.

Sai kobo mai huji na 1936, mai sunan Sarkin Ingila Edward na takwas, wanda wasu ke ɓoyo a ƙasan adaka. E, bai cika shekara kan mulki ba, kuma kwandalar zinariya ta Ingila mai hotonsa ta kai fam miliyan 1 a 2020. Amma kobonsa na Afirka ta Yamma miliyoyi aka buga, babu ma hotonsa a jiki, kuma kakanninmu sun sayi goro da shi.