Maƙwaƙƙwafi: Tsuntsun Da Ba Ya Rayuwa Sai Da Tsohuwar Bishiya

Ɗalibai da yawa na jin wata ƙara "ƙwas-ƙwas" daga saman darbejiya ko tsamiya, amma ba su san mai yinta ba. Maƙwaƙƙwafi ne. Wanda aka fi gani a ƙasar Kano kansa toka-toka ne, bayansa kore-kore, namijin kuma yana da ja a tsakiyar kai. Tsawonsa bai wuce santimita 20 ba.

Allah ya halicce shi daidai da aikinsa. Yatsunsa biyu suna kallon gaba, biyu baya, don ya maƙale a jikin icce. Gashin jelarsa mai tauri ne, da shi yake dogarawa. Yana ɓantare ɓawo da baki, ya zura dogon harshe ya zaƙulo gara, tururuwa da tsutsar da ke cin bishiya. Ramin da ya haƙa ya yi ƙwai, in ya tashi, wasu tsuntsayen ke gajewa.

A can nahiyar Amurka, daga Meziko har Ajantina, akwai wasu tsuntsaye da Turawa ke kira wudkirifa, iri sama da 50. Su ma da jela suke dogarawa su hau bishiya, sai dai ba sa haƙa rami. Kogon icce suke nema, ko tsohon ramin maƙwaƙƙwafi. Shi ya sa sare daji ke korarsu.

To mu fa? Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ɓacewa, ba ta sa namu cikin masu haɗari ba. Amma wannan lissafin duniya ne, ba na unguwa ba. Duba Gwammaja, daga Gidan Mambayya zuwa gindin Dala: gini ya cinye fili, bishiyar da ta tsufa kuwa gatari ke jiranta. Dashen bana ba zai ba shi wurin haƙa rami ba sai bayan shekaru masu yawa.

Don haka in an zo gangamin dashe a makaranta, a riƙa tunawa da tsofaffin. Busasshen reshen da ba ya barazana ga kowa, a bar shi. A kuma hana ƙanne harbi da danƙo. Mai sha'awar ganin ire-irensa, dajin Falgore na nan a kudancin jihar.