OBA-OBA DA LASISIN REDIYON SHA'AWA: BA TAKARDAR FATAKE BA CE

A zaman da muka yi bayan sallar Juma'a a nan New Bell, maganar da ta fi cin lokaci ba ta farashi ba ce, ba kuma ta tarago ba ce, ta rediyon oba-oba ce. Dalili kuwa, yaron wani Alhaji daga cikinmu ya taso da tirela daga arewa, aka tsayar da su a wani shingen bincike, aka ga oba-oba guda biyu a jakarsa, aka ce ya kawo takarda. Ba shi da ita. Mota ta kwana biyu a tsaye da shanu a ciki, kafin a sasanta bijimai biyu sun kwanta, sai yankawa aka yi aka sayar a wulaƙance. Ana cikin jajantawa sai wani ɗan uwa ya ce shi fa ya ji akwai wani lasisi mai sauƙi, na masu rediyon sha'awa, wanda in mutum ya samu zai riƙa magana daga Duwala har Njamena ba ko sisi. Jama'a suka ce a bincika. To, mun bincika, ga kuma abin da muka gano, don kada wani ya je ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa.

Da farko dai ba mu ga laifin wanda ya nemi wata hanyar magana ban da salula ba. Duk wanda ya taɓa bin shanu daga Adumri ko Meiganga ya san akwai dajin da waya ke zama dutse a aljihu. Akwai kuma lokacin da hukuma da kanta take rufe layi. An yi haka a jihohin Borno, Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013, lokacin dokar ta-ɓaci. An sake yi a Zamfara a watan Satumba na 2021, aka yi makonni ba waya, ga kasuwanni a rufe. A nan Kamaru ma an yanke intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu na 2017. Mutumin da dukiyarsa take tafe a kan hanya, tana numfashi, tana jin ƙishirwa, dole hankalinsa ya tashi in ya rasa labarinta. Buƙatar gaskiya ce. Maganin da aka kawo ne ba nata ba.

Mene ne shi wannan rediyon sha'awa? Da Faransanci ana ce wa mai yin sa radioamateur, kuma da wannan sunan za ka tambaya in ka je ofis. Mutum ne da hukuma ta jarraba, ta ba shi izinin kafa 'yar tashar aikawa da karɓar magana a gidansa, don ya koyi sha'anin rediyo, ya gwada na'urori, ya gaisa da 'yan uwansa masu irin wannan sha'awa a ko'ina cikin duniya. Tsohon abu ne. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris tun 1925. Har manyan mutane sun yi shi: marigayi Sarki Husaini na Jodan yana da tasharsa, lambar kiransa JY1, haka ma Rajiv Gandhi na Indiya. A Kamaru suna da ƙungiya, ARTJ, a Najeriya kuma NARS.

Tushen dokarsu yana birnin Janeba, wurin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda Kamaru da Najeriya da Cadi da Nijar duk membobinta ne. Kundin dokokin rediyo na wannan hukuma ya ce a sashe na 18 babu wani mutum ko kamfani da zai kafa ko ya yi aiki da na'urar aika magana ta iska sai da lasisin gwamnatin ƙasar da yake ciki. A lura da kyau, na'urar aikawa aka ce. Rediyon da muke jin BBC da shi da asuba karɓa kawai yake yi. Amma oba-oba, duk ƙanƙantarsa, da zarar ka danna ka ce "oba", ka zama tasha. Sashe na 25 kuma shi ne na masu sha'awa, ya ɗora wa kowace gwamnati ta tabbatar mai neman lasisi ya san aikin, ta yanke masa iyakar ƙarfin na'urarsa. A da sai mutum ya iya buga saƙon tangaraho da hannu ya kuma karanta shi da kunne kafin a bar shi ya hau gajeren zango. A taron 2003 aka cire wannan wajibci, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi, da yawa kuwa suka yar da shi.

Lasisin hawa-hawa ne a ƙasashe da dama, gwargwadon jarrabawar da ka ci gwargwadon damar da za a ba ka. A Ingila mataki uku ne: na farko wat 25, na tsakiya wat 100, na ƙarshe wat 1000, bisa gyaran da aka yi a 2024. A Amurka ma uku ne, jarrabawar farko tambaya 35 ce, ta ƙoli 50, ƙarfi kuma ba ya wuce wat 1500. Tambayoyin na lantarki ne da eriya da doka. Ba a ba wa kamfani irin yadda ake ba da lasisin shago. Mutum ake ba, da sunansa, da lambar kiransa shi kaɗai, kuma wajibi ne ya riƙa faɗin lambar nan a kai a kai yana cikin magana. Lambar tana nuna ƙasa kamar lambar mota. Ta Kamaru tana farawa da TJ, ta Najeriya 5N, Nijar 5U, Cadi TT, Afirka ta Tsakiya TL, Gabon TR.

Gaskiya damar da ake ba su ba ƙarama ba ce, kuma ita ce ta ruɗi ɗan uwanmu. An ware musu wurare a kan iska. A yankinmu, wato Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, suna da megahaz 7 zuwa 7.2, wanda ake kira mita 40, suna da 14 zuwa 14.35, mita 20 ke nan, suna da 144 zuwa 146, da wasu. Gajeren zango yakan hau sama ya bugi wani rufi na iska ya dawo ƙasa can nesa, shi ya sa da waya miƙe tsakanin bishiya biyu da batirin mota mutum zai iya jin Gaundare daga Duwala, tafiyar fiye da kilomita 800 ta layin dogo, in dare ya yi kuma har Turai. Ba kati, ba kamfani a tsakani. Wanda ya ce haka bai yi ƙarya ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ma'anar da doka ta ba wannan aiki ta ce don sha'awar kai ake yin sa kawai, ba tare da neman kuɗi ba. Tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa, abin da aka halatta shi ne zancen da ya shafi aikin rediyon da 'yar gaisuwa ta tsakanin mutum da mutum. Mu kuwa me za mu faɗa? Nawa bijimi ya yi yau a Mubi, tirela nawa ta tashi daga Kusiri, a riƙe lodi don kara ta cika a Bonaberi, a ba wane la'adarsa. Wannan duk ciniki ne tsantsa, kowace kalma a ciki ta karya sharaɗin lasisin. Ka sha wahalar karatu, ka ci jarrabawa, ka biya kuɗi, ranar farko da ka yi aikin da ka nemi takardar dominsa ranar ka saɓa mata.

Na biyu, an hana sakaya magana. Sashen ya ce kada a juya saƙo da nufin ɓoye ma'anarsa. Mu kuwa sana'armu rabinta sirri ce. Tun kakanni ake ciniki da yatsu a ƙarƙashin riga don kada na gefe ya ji. In ka ce da yaronka ku riƙa ce wa miliyan "goro", ka shiga haramun. In kuma ka faɗa a fili, to ka sani iska ba ta da ƙofa. Duk mai na'ura irin taka yana jin ka. Mu da muka san abin da masu tare hanya suka yi wa fatake a Adamawa da gabashin ƙasar nan, wa zai so ya shelanta cewa mota kaza ta tashi ƙarfe kaza, da kuɗin shanu a ciki? Wallahi wannan kaɗai ya isa mutum ya janye.

Na uku, isar da saƙon wani. A ce maƙwabcinka mai lasisi ne, ka roƙe shi ya gaya wa abokinsa na Njamena ya sanar da dillalinka abu kaza. Tsakanin ƙasashe, asalin ƙa'ida ita ce ba a ɗaukar saƙon wanda ba shi da lasisi sai a halin gaggawa ko agajin bala'i. A nan ne ma masu sha'awa suka yi suna, kamar lokacin ambaliyar teku ta 2004, inda suka riƙe sadarwa a tsibiran Andaman na Indiya bayan layuka sun mutu. Amma faɗuwar farashi a kara ba ta cikin bala'in da doka take nufi, ko da mu a wurinmu bala'i ce.

Sai maganar iyaka, wadda ta fi shafar mu. Lasisi na ƙasar da ta bayar ne, ba ya tsallake gada. Mai TJ in ya haye gadar Ngeli ya shiga Cadi, takardarsa ta zama farar takarda sai hukumar can ta yarda masa, haka in ya shiga Mubi ko ya gangara Kye-Ossi ya nufi Gabon. Turawa sun yi wa kansu yarjejeniya tun 1985 wadda mai lasisin wata ƙasa zai yi aiki na ɗan lokaci a wata ba tare da sabon izini ba, Afirka ta Kudu ma ta shiga. Takardun da muke yawo da su, na allurar dabbobi da na duwan, babu wadda ta ƙunshi rediyo. Bafatake mai ratsa ƙasa uku izini uku yake bukata.

Bari mu dawo kan ita kanta na'urar da ake sayarwa a kasuwa, irin su Baofeng, masu arha. Ƙarfinta kamar wat 5 ne, kuma ba gajeren zango take bi ba, miƙe take tafiya kamar hasken tocila. A fili za ta yi 'yan kilomitoci, a cikin gari kuwa gine-gine suna cinye ta. Daga New Bell da ƙyar ka ji na unguwar Village, balle Gaundare. Abin tsoron shi ne tana iya aikawa daga megahaz 136 har 174, mafi yawan wannan fili kuwa na wasu ne. A ciki akwai 156.8, layi na 16 da jiragen ruwa ke neman ceto da shi a duk duniya. Mu kuma a bakin tashar jiragen ruwa muke zaune. Yaro ya murɗa a kan gadar Wuri yana neman direba, sai ya faɗa layin da ba a wasa da shi. Ka ji fa. Ga kuma halin tsaro: tun da aka yi dokar yaƙi da ta'addanci a Disamba 2014, jami'in da ya ga oba-oba ba takarda a hanyar arewa ba zancen tara kaɗai zai fara kawowa a ransa ba. A Borno har wayar Thuraya sojoji suka haramta a 2013. Kada kuma wani ya dogara da cewa mai shago ya ce "wannan ba ta son lasisi". Akwai ƙanana masu rabin wat da aka sake wa jama'a a Turai, amma dokar Turai a Turai take aiki.

Ƙofar da ta dace da mu daban ce. A Kamaru hukumar da ke kula da sadarwa ita ce ART, wadda dokar 14 ga Yuli 1998 ta kafa, yanzu kuma ana aiki da dokar 21 ga Disamba 2010 kan sadarwar lantarki. Ita ce ke tantance na'urori kafin a yi aiki da su, ta wurinta ne kuma kamfanoni irin na masu gadi da na sufuri suke neman izinin layin rediyo na kansu, a ba su zango takamaimai, su riƙa biyan kuɗinsa. A kan irin wannan layi zancen aiki halal ne, don dominsa aka bayar. A Najeriya akwai dokar waya maras igiya ta 1961 da dokar sadarwa ta 2003, sai a nemi NCC ko ma'aikatar sadarwa ta tarayya a Abuja gwargwadon irin izinin. A Cadi da Nijar sunan hukumar ARCEP. Ko wannan izini ma a cikin ƙasa ɗaya yake aiki, amma zai ishe mu tsakanin kara da mahauta ta Bonendale da wurin sauke tarago.

Matasanmu masu son lantarki kuwa, ba mu hana su ba. Wanda ya ga zai iya, ya je ya yi karatun ya samo TJ ɗinsa, mu ma ma yi alfahari, ranar wata masifa, Allah ya kiyaye, unguwa ta amfana da shi. Sai dai kada mahaifinsa ya ce ya tambayo masa farashin Adumri.

Kwamiti ya tsayar cewa duk mai oba-oba ya kawo ta ofis a rubuta irinta da lambarta, kada kuma a sake ba yaran mota ita su hau hanya. Sakatare zai rubuta wa ART takardar neman bayanin sharuɗɗa da kuɗin layin ƙungiya, za a karanta amsar a zama na gaba. Wanda yake da lodi a wannan mako ya tabbatar yaransa suna da layukan waya biyu na kamfani daban-daban, da wuraren da aka yi alkawarin za su tsaya su kira gida.