Zaɓen taya ga tsohuwar kat-kat: a tambayi hanya kafin a tambayi kuɗi

Duk wanda ke aiki da mota a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela ya san ba hanya iri ɗaya yake takawa a yini guda ba. Da safe yana bisa kwaltar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi. Da ya sauka ya nufi ƙauyuka, kamar na wajen Alela, sai ya gamu da fako mai jar tsakuwa da duwatsu masu kaifi, sannan ƙorama mai rairayi. In damina ce, daga Yuni zuwa Satumba, lakar fadamu da ta kwarin Maggiya na jiransa. Ga kuma ƙayar aduwa da ta bagaruwa a kowane lokaci.

Motocin da ke wannan wahala galibi tsofaffin kat-kat ne: Land Rover, Nissan Patrol, da Toyota Land Cruiser samfurin 60 da aka fara ƙerawa a 1980, ko samfurin 80 na 1990. Su ke kai ma'aikacin gona rangadi, su ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Ƙonni ko na Galmi. Injinsu na da juriya, amma tayoyi huɗu ne kaɗai ke haɗa su da ƙasa. Saboda haka zaɓen taya ba ƙaramin al'amari ba ne ga direba, ko ga shugaban ma'aikata mai sa hannu a takardar saye.

Iri uku, aiki uku

Masana'antu sun kasa tayoyin kat-kat gida uku, kuma sau da yawa haruffan na rubuce a gefen taya. Mai H/T ta kwalta ce: haƙoranta ƙanana ne, ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai da yawa, amma dutse na saurin yanka ta. Mai M/T ta taɓo ce: haƙoranta manya ne masu tazara, tana fita daga laka, sai dai a kwalta tana ƙugi, tana saurin cinyewa, a rairayi kuma takan haƙa wa mota rami. Mai A/T ita ce ta tsakiya, wadda aka yi domin hanya kowace iri. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da irinta a 1976, yanzu kuwa kusan kowane babban kamfani na yin tasa.

A ƙasarmu laka ta wata uku zuwa huɗu ce, tsakuwa da rairayi da kwalta kuwa na shekara duka ne. Don haka ga yawancin masu mota a nan, A/T ce ta dace. Manyan haƙora na burge ido a kasuwa, amma mai zirga-zirga tsakanin Ƙonni da Tawa zai biya kuɗin kwalliyar nan wajen sayen mai.

Karatun gefen taya

Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya sami makami a nan, domin taya na ɗauke da shaidarta a jikinta. Abu na farko shi ne girma. Yawancin tsofaffin kat-kat sun zo da 7.50 R16. Wadda ta yi kusa da ita a sabon lissafi ita ce 235/85 R16. Ma'ana, faɗinta milimita 235 ne, tsayin gefenta kashi 85 cikin 100 na faɗin, kuma tana hawa ƙarfen ƙafa mai inci 16. Dogon gefe alheri ne a hanya mai gargada, don shi ke shanye duka kafin ya kai ga ƙarfe. Kada a sa taya wadda ta zarce girman da maƙera suka ƙayyade: tana rage wa tsohon inji ƙarfi, tana wahalar da birki, tana kuma goga jikin mota.

Na biyu shi ne nauyin da take ɗauka. Land Cruiser ta kai wajen tan 2 tun ba a ɗora mata komai ba, balle an loda mutane, buhunan albasa da jarkokin mai. A nemi haruffan LT, alamar taya ce ta motar kaya mai ƙaƙƙarfan jiki, sannan a duba lambar da ke bayan girma. Lamba 112 na nufin kilo 1.120 ga kowace taya, 116 na nufin kilo 1.250, 120 kuwa kilo 1.400.

Na uku shi ne shekaru. Bayan haruffan DOT akwai jerin alamu da ke ƙarewa da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, to, an yi tayar kafin shekarar 2000. Kamfanin Michelin na Faransa ya ba da shawarar a riƙa kai taya ga gwani kowace shekara in ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma sauke ta in ta cika 10, ko da haƙoranta na nan. Zafin bazararmu, da ke wuce awo 40, yana tsofar da roba da wuri.

Tayar gwanjo

Ba a ɓoye yake ba, sabuwar taya na da tsada, shi ya sa mutane da yawa ke komawa ga gwanjon da ake shigowa da shi daga Turai. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wasu daga cikinsu tayoyin hunturu ne, masu taushin roba da ƙananan tsage-tsage barkatai a haƙora, waɗanda aka yi domin ƙanƙara. Kwaltar Malbaza a watan Afrilu ba ta barinsu su daɗe. Wanda dole ta sa shi sayen gwanjo, ya karanta shekara, ya duba ciki ko akwai faci a gefe, ya shafa ko akwai ƙulluttu, ya lanƙwasa robar ya ga ko ta tsattsage. Ƙulluttu alama ce ta zaren ciki ya tsinke, kuma ba shi da gyara. Dokar Turai ta hana hawa taya mai haƙora ƙasa da milimita 1,6. Taya ta kusa da wannan iyaka ba ta da amfani a laka.

Bayan saye

Tayoyi huɗu da ta ajiya su zama girma ɗaya, zane ɗaya. Wannan ya fi tsanani ga motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja kullum, irin Land Rover 110 da yawancin samfurin 80, domin bambancin girma na cinye haƙoran giya.

A auna iska da safe, kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da ke littafin mota. A rairayi ana iya rage ta zuwa wajen kilo 1,5 a tafi sannu, amma tilas a mayar da ita kafin a hau kwalta. Ƙarancin iska tare da gudu da lodi shi ke dafa taya har ta fashe, musamman mai robar ciki. Saboda haka famfo da ma'aunin iska su zauna cikin mota.

Akwai gargaɗi ga masu faci da yaransu. Tsofaffin kat-kat da yawa na da ƙarfen ƙafa mai zobe, wanda ba ya aiki sai da robar ciki. In zoben bai zauna daidai ba, yakan yi tsalle lokacin hura iska da ƙarfin da zai iya kashe mutum. A ɗaure shi da sarƙa, a juya zoben ya kalli ƙasa, kuma kada kowa ya sunkuya a kansa.

Ya ku masu karatu, motar ma'aikata dukiyar jama'a ce, ta ɗan kasuwa kuma abincin iyalinsa ce. Kafin a ƙirga kuɗi, a fara lissafa hanyar da mota ke bi da nauyin da take ɗauka, sannan a durƙusa a karanta gefen taya. Minti biyar na karatu a shago ya fi kwana a daji da maras lafiya a bayan mota.