Ken Loach: Daraktan da Ya Ƙi Ɗauke Kyamara Daga Kan Talakawan Ingila

A daren Laraba 16 ga Nuwamba 1966, gidan talabijin na BBC ya nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Cathy Come Home. Kimanin mutum miliyan 12 ne suka kalle shi, wato kusan rubu'in jama'ar Birtaniya a wancan lokaci. Labarin wasu sababbin ma'aurata ne, Cathy da mijinta Reg. Sun fara zamansu da rufin asiri, sai Reg ya yi hatsari, aiki ya kuɓuce masa, kuɗin haya ya gagara. Daga nan sai yawon neman wurin kwana: su raɓa a gidan uwar miji, su koma wani gida da ya kusa rushewa, a zo a watso musu kaya waje, su faɗa gidan tirela, wannan ma gobara ta raba su da shi. Daga bisani hukuma ta ajiye Cathy da 'ya'yanta a gidan marasa galihu, inda ba a yarda miji ya kwana ba. An rufe wasan a tashar jirgin ƙasa, ma'aikatan jin daɗin jama'a suna ɓamɓare yaran daga jikin uwarsu tana kururuwa.

Da yawa daga cikin masu kallo sun rasa gane ko wasa suke gani ko rahoton labarai, domin an ɗauki yawancinsa a kan titi da ƙaramar kyamarar hannu, an kuma cusa muryoyin mutanen da matsalar muhalli ta shafa da gaske. Wanda ya ba da umarnin shirin wani matashi ne ɗan shekara 30, Ken Loach. Daga wannan dare har fim ɗinsa na ƙarshe a 2023, kusan magana ɗaya yake ta nanatawa: abin da ke durƙusar da talaka ba lallai sai mugun mutum ba ne, sau da yawa tsari ne, kuma masu aiwatar da shi ma'aikata ne masu fara'a da ke cike takarda.

An haife shi a garin Nuneaton da ke tsakiyar Ingila ranar 17 ga Yuni 1936. Mahaifinsa mai gyaran lantarki ne a masana'anta, kuma abin mamaki, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau yake zaɓa. Ɗan ya yi shekara biyu a rundunar sojan sama, ya tafi Jami'ar Oxford karatun lauya, amma wasan daɓe ya ɗauke masa hankali. Ya gwada zama ɗan wasa, abin bai karɓe shi ba. A 1963 BBC ta ɗauke shi a matsayin mai koyon ba da umarni, a can kuma ya haɗu da furodusa Tony Garnett da marubuta irin su Jim Allen, waɗanda suka wasa masa ra'ayin gurguzu da bai sake rabuwa da shi ba.

Ana yawan cewa Cathy Come Home ne ya haifar da Shelter, ƙungiyar da ke fafutukar sama wa marasa muhalli matsuguni. Gaskiyar ita ce an riga an shirya kafa ta, sai dai ƙaddamar da ita ya zo kwanaki kaɗan bayan nuna wasan, ta tarar da zukata sun yi laushi. Dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tsugunar da iyalan da suka rasa gida kuwa sai a 1977 ta fito, shekara 11 bayan haka. Loach da kansa bai gamsu da wannan nasara ba. A ganinsa wasan ya sa kowa hawaye, har da 'yan siyasar da manufofinsu suka haddasa matsalar, tun da bai nuna wa kowa yatsa ba. Daga nan ya daina sakaya zance.

Duk da haka, fim ɗin da aka fi ƙaunarsa da shi ba na hayaniyar siyasa ba ne. Kes, wanda ya fito a 1969, an ciro shi ne daga littafin Barry Hines. Billy Casper yaro ne ɗan shekara 15 a Barnsley, garin masu haƙar kwal a yankin Yorkshire. A gida yayansa Jud na jibgarsa, uwa ba ta da lokacinsa, a makaranta kuma an riga an yanke cewa ramin kwal ne makomarsa. Wata rana ya ɗauko ɗan tsakon wani ƙaramin shaho daga sheƙa, ya saci littafin horar da tsuntsaye daga kanti, ya dinga haɗa baƙi har ya koya wa tsuntsun tashi ya dawo ya sauka a hannunsa. Akwai wurin da wani malami ya tsayar da shi gaban aji ya ce ya yi bayanin tsuntsun. Yaron da ake yi wa kallon daƙiƙi ya buɗe baki, ajin ya yi tsit, har malamin ya koma ɗalibi yana tambayarsa yadda ake rubuta kalmomin sana'ar. A 'yan mintocin nan mai kallo zai gane cewa ba basira yaron ya rasa ba, mai sauraronsa ya rasa. Sai Jud ya ba shi kuɗi ya zuba masa a cacar tseren dawaki, Billy ya kashe kuɗin a kan abinci da naman tsuntsu, dawakin kuma suka yi nasara. Jud ya huce a kan shahon.

David Bradley, yaron da ya fito a Billy, ɗan makarantar yankin ne da bai taɓa yin fim ba. Shi da sauran yaran sun yi magana da karin harshen Yorkshire tsantsa, har masu rarraba finafinai a Amurka suka koka cewa ba sa gane Turancin. A 1999 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanya Kes a mataki na 7 cikin fitattun finafinan ƙasar na ƙarni na 20.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi yadda mutumin yake aiki, domin salon nasa ya sha bamban da abin da aka saba. Galibin daraktoci suna ɗaukar fim a hargitse: duk abin da ya shafi ɗaki ɗaya a gama shi a rana ɗaya, ko na farkon labari ne ko na ƙarshe, saboda tsimin kuɗi. Loach kuwa daga farko yake farawa ya bi labarin daki-daki har ƙarshe. Ba ya miƙa wa ɗan wasa rubutaccen labarin gaba ɗaya, sai shafukan da zai yi aiki da su a 'yan kwanakin, wani lokaci ma a ɓoye masa abin da zai faru a fitowar da yake ciki. Kyamara kuma can nesa ake girke ta, a tsayin idon mutum, kamar maƙwabcin da ke leƙowa ta katanga. Abin da yake farauta shi ne firgita da kunya da fushin da ke bayyana a fuska kafin mutum ya samu damar shirya su.

Wannan dabara tana da nata zunubin. A cikin Kes akwai inda hedimasta ya tsala wa wasu yara bulala a tafin hannu, har da wani ƙarami da aike kawai ya kawo. Dukan na gaske ne, hawayen ma na gaske ne. Fitowar ta yi kyau matuƙa, amma a ganina bai dace mai fim kan zaluncin da ake yi wa yara ya sayi gaskiyarsa da fatar hannun yara ba, kuma yau babu hukumar da za ta bar shi ya maimaita.

Daga nan al'amura suka yi masa tsauri. Ƙungiyar agaji ta Save the Children ta ba shi aikin fim don bikin cikarta shekara 50 a 1969. Ya je Kenya, ya dawo da hotunan wata makaranta da ake hana yara magana da harshen iyayensu ana cusa musu tarbiyyar Turawa, ya gabatar da agajin a matsayin ci gaban mulkin mallaka da sabuwar riga. Ƙungiyar ta hana a nuna shi, fim ɗin ya kwanta a ma'adana har 2011. A 1971 kuma hatsarin mota ya yi ajalin ɗansa mai shekara 5. Shekarun 1980, zamanin Margaret Thatcher, su ne mafi muni a sana'arsa: jerin shirye-shiryen da ya yi yana zargin shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da juya wa ma'aikata baya ba a taɓa nuna su ba, shirinsa kan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 ma sai da wata tashar ta karɓa bayan wadda ta ba shi aikin ta ja da baya. Har ta kai shi ga ɗaukar tallace-tallace, ciki har da na McDonald's, abin da bai ɓoye cewa yana jin kunyarsa ba.

Farfaɗowarsa ta zo ne ta hanyar Turai, inda aka fi ganin girmansa fiye da gida. Hidden Agenda na 1990 da Raining Stones na 1993 duk sun samu lambar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Daga 1996 ya fara aiki da Paul Laverty, lauya ɗan Scotland da ya rubuta masa kusan duk finafinansa na baya. A 2006 ya ɗauki babbar lambar Cannes da The Wind That Shakes the Barley, labarin wasu 'yan'uwa biyu a yaƙin ƙwatar 'yancin Ireland daga Birtaniya da yaƙin basasar da ya biyo baya. Jaridun masu ra'ayin riƙau suka yi masa ca, suna cewa ya tsani ƙasarsa. Da ma tun 1977 ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta OBE, wadda sunan daular Birtaniya ke maƙale da ita.

Yana dab da cika shekara 80 ya sake ɗaukar wannan babbar lamba a 2016 da I, Daniel Blake. Duk wanda ya ɗauka cewa a Ingila gwamnati na raba wa marasa aiki kuɗi ne ba tare da wahala ba, ya kamata ya nemi fim ɗin nan. Daniel kafinta ne ɗan shekara 59 a Newcastle, matarsa ta rasu, ciwon zuciya ya kwantar da shi. Likitocinsa sun ce kada ya koma aiki. Wata ma'aikaciya da ke bin jerin tambayoyi ta ba shi maki, makin bai kai na samun tallafin marasa lafiya ba. Don haka dole ya nemi tallafin marasa aiki, sharaɗinsa kuwa shi ne ya riƙa yawon neman aikin da likita ya hana shi yi. Komai ta intanet ake cikewa, shi kuma bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Idan ya buga waya, kiɗa ake sa masa ya yi ta jira. Babu wanda ya zage shi. Kowa na bin ƙa'ida ne.

Wurin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na Katie, uwar yara biyu da hukuma ta kwaso daga Landan ta kawo Newcastle saboda rashin gida. Ta daɗe tana ba yaran abinci tana cewa ita ta ƙoshi. Da aka kai ta wurin raba kayan abincin sadaka, tana cikin zaɓar kaya sai ta juya baya, ta ɓalle gwangwanin wake ta fara ɗiba da hannu tana turawa a baki, miyar na zuba, sannan ta farga ana kallonta ta fashe da kuka tana ba da haƙuri. Babu kiɗa, kyamara ba ta matso ba. Fim ɗin ya kai har zauren majalisa, inda jagoran adawa na wancan lokaci Jeremy Corbyn ya shawarci Firayim Minista ta lokacin Theresa May ta je ta kalla, yayin da tsohon ministan ayyuka da fansho Iain Duncan Smith ya ce an yi wa ma'aikatan ofisoshin rashin adalci.

Masu sukar Loach ba duka ne ke da son zuciya ba. Akwai finafinansa da wa'azi ya rinjayi labari, inda talaka kullum mai gaskiya ne, mai riƙe da muƙami kuma da wuya a ba shi uzuri. Wani lokaci tun daga rabin fim mutum zai hango masifar da ke tafe. Rigingimunsa a wajen fim ma ba kaɗan ba ne. A 1987 gidan wasan Royal Court ya soke wasan Perdition da zai ba da umarni ana dab da buɗewa, bayan zargin cewa wasan na ƙyamar Yahudawa, zargin da ya sha musantawa. Yana cikin masu goyon bayan Falasɗinawa da kiran ƙaurace wa Isra'ila ta fuskar al'adu, kuma a 2021 jam'iyyar Leba ta kore shi. Sai dai masu cewa finafinansa baƙin ciki ne zalla ba su kalle su da kyau ba. Mutumin masoyin ƙwallo ne, yana da barkwanci, har ya sa tsohon ɗan ƙwallo Eric Cantona ya fito a Looking for Eric na 2009 yana ba wani ma'aikacin gidan waya shawarar rayuwa.

Finafinansa biyu na ƙarshe sun ci gaba da zama a arewa maso gabashin Ingila. Sorry We Missed You na 2019 ya bi wani direban kai saƙo da kamfani ya ce masa shi mai zaman kansa ne, alhali na'urar da ke hannunsa ce ke ƙidaya masa kowane minti, kuma ranar da bai fito ba tara zai biya. The Old Oak na 2023 kuwa labarin 'yan gudun hijirar Siriya ne da aka sauke a wani ƙauyen da aka rufe mahaƙar kwal ɗinsa tun da daɗewa, inda masu masaukin ma talauci ya yi musu katutu, har wasunsu ke ganin baƙin a matsayin abokan takara. Ya kai fim ɗin Cannes yana da shekara 86, ya kuma bayyana cewa ganinsa da ƙarfin tuna abubuwa sun ragu, don haka da wuya ya sake jagorantar wani babban fim.