Zanen Fensir a Jikin Katako: Kada Ki Fara da Ruwa

 

Uwargida, na san kin taɓa ganin haka: kafinta ya kawo sabuwar kujera 'yar tsuguno ko kantar jeren amarya, ga layukan fensir da ya yi awo da su ɓaro-ɓaro. Ko kuwa yaro ya taso daga makarantar boko, ya zane miki ƙofa ko gefen gado. Nan da nan sai ki ɗauko soso da ruwa. To, a nan ake ɓata kaya.

Kin saba wanke allo, shi ya sa kike zaton duk rubutu ɗaya ne. Tawada gawayi ne da ƙaro. Ƙaro yana narkewa a ruwa, da ya narke sai baƙin ya bi ruwan ya tafi. Shi kuwa bakin fensir, wani baƙin ma'adini ne mai santsi da ake kira girafayit, aka kwaɓa shi da yumɓu aka gasa. Wani Bafaranshe mai suna Conté ya fito da wannan haɗi a 1795. Girafayit ba ya narkewa a ruwa, maƙalewa yake a 'yan ramukan itace. In kika jiƙa katakon da ba a shafa wa komai ba, sai ya kumbura ya yi kaushi, baƙin ya yaɗu ya ƙara shigewa ciki.

To yaya za ki yi? Ki aiki yaro ya sayo miki kilina, wato abin goge fensir na 'yan makaranta, fari mai taushi. Ki duba jikin katakon, za ki ga zare-zarensa sun miƙe gefe guda. Ki bi su a hankali, kada ki gitta. Ki riƙa hure dattin, in kilinar ta yi baƙi ki goge ta a tsumma kafin ki ci gaba.

In an danna fensirin har ya yi rami, maigida ya karɓo miki guntun sampefa mai laushi wajen kafinta. Ita ma bin zaren za ki yi, ki haɗa da gefe da gefe don kada wurin ya lotsa. Ɗan sifirit a auduga yana ɗauke sauran duhun, amma yana kama wuta, ki nisanci murhu da fitila. Kada ki sa kananzir ko man gyaɗa. Tabon maiƙo ya fi zanen muni.

Katakon da aka yi wa fenti ko man ƙyalli kuwa, zanen a sama yake. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya isa, ki tsane nan take. Banda sifirit a nan, yana iya disashe ƙyallin.

Ke mai shirin aurar da 'ya, ki aika wa kafinta tun da wuri ya goge layukan awonsa kafin ya shafa man ƙyalli. In ya shafa a kansu, sun zauna ke nan, sai an kankare an sake.

Yaron da ya yi zanen kuma, ki ajiye bulalar. Ki ba shi kilinar ya goge da hannunsa, sannan ki nemo masa takarda.

Sai mun sake saduwa, Allah ya bar mu tare.