Kur ɗin gida ko na taro: lissafin iyaye daga Gidan Runji zuwa Gazawa

Da zarar watan Maris ya kama, zafi ya fara kankama, kasuwar malaman lissafi da kimiyya takan buɗe a garuruwan da ke bakin babbar hanyar ƙasa, tun daga Gidan Runji a yammacin Maraɗi har Caduwa, Agye da Gazawa ta gabas. Jarrabawar BEPC da ta bakaloriya suna tafe a Yuni da Yuli, iyaye kuma sun san abin da ke jiran ƴaƴansu. A 2021 kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar ne ya ci BEPC a faɗin Nijar, waɗanda suka haye bak kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa duk mai ɗan hali yake shiga neman kur. Abin da ke raba kan mutane shi ne wane iri: a ɗauko malami ya zo gida ya zauna da yaro shi kaɗai, ko a tura yaron cikin ƴan ajinsu a haɗa kuɗi a biya malami guda?

A bakin jama'a amsar a yanke take. Na gida na masu kuɗi ne, kuma shi ne mai kyau. Na taro na talaka ne, sai haƙuri. Maganar kuɗin gaskiya ce. Maganar kyan ce ke buƙatar a sake zama a kanta.

Kafin a zaɓi magani, a fara sanin ciwon. Yaron da ke turwaziyam a wani CEG na karkara ya shekara huɗu a kwalej, amma shekarun nan ba cikakku ba ne. Inda ajin rumfar kara ce, sai an gama girbi an sami kara sannan a kafa ta, ruwan farko kuma ya tashi karatu. A tsakani ga yajin aikin malamai ƴan kwantaragi da ke jiran kuɗinsu, ga aji mai cinkoson da malami ba ya iya ratsawa tsakanin tebura. Tun daga firamare ma tushen da rauni: binciken PASEC na 2019 ya nuna kusan yara 3 cikin 10 ne kawai na ajin ƙarshen firamare a Nijar suka kai matakin da ake so a karatu, a lissafi kuwa ba su kai haka ba. Sau da yawa ɗalibin da aka ce ya kasa gane ka'idar Talas ba Talas ne ya kayar da shi ba. Rabawa ce bai iya ba, ko kuma tambayar ce da aka rubuta da Faransanci bai fahimci me take nema ba.

Masu goyon bayan kur ɗin gida suna da babbar hujja daga duniyar bincike, ko da ba su san sunan mai ita ba. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ya wallafa sakamakon gwajin da ɗalibansa biyu suka yi, inda aka kwatanta aji mai yara kusan 30 da yaran da aka ba malami na musamman. Matsakaicin yaro cikin masu malami na musamman ya zarce 98 cikin 100 na ƴan babban aji. Adadin ya zagaye duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gwajin na mako uku ne kacal, a kan darussa ƴan kaɗan, kuma malamin nan na musamman wani lokaci yara 2 ko 3 yake riƙewa tare, ba ɗaya ba. Binciken da ya biyo baya bai sake samun tazara mai girman haka ba. A 2020 wasu masana uku, Nickow da Oreopoulos da Quan, sun tattara gwaje-gwaje 96 suka auna. Sun tarar lallai kur yana da amfani sosai, amma amfanin ya fi yawa idan ƙwararren malami ne ke yi, idan ana zama aƙalla sau uku a mako, idan kuma cikin lokacin makaranta ake yi maimakon bayan an tashi.

Wata cibiya a Ingila, Education Endowment Foundation, ta sauƙaƙa lissafin ta mayar da shi watanni. Yaron da ke da malami shi kaɗai yakan ƙaru da abin da ya kai karatun wata 5 a shekara. Wanda ke cikin ƙaramin rukuni, wata 4. Bambancin wata guda ne. Sai dai cibiyar ta yi gargaɗi cewa da rukunin ya wuce mutum 6 ko 7, amfanin yakan fara zubewa.

Ko a Amurka, shirin da ya fi yin suna a matakin sakandare ba na mutum ɗaya ba ne. A makarantun gwamnati na unguwannin talakawan Shikago, daga 2013, an haɗa ɗalibai biyu biyu, sa'o'in ƴan turwaziyam da sagwand, da malami guda, suna zama kusan awa ɗaya kowace ranar makaranta a kan lissafi. Faɗuwa a lissafi ta ragu da kusan rabi. Kuɗin shirin kuwa ya haura dalar Amurka 3,000 a kan kowane yaro a shekara, wajen sefa miliyan 2 ke nan.

A kawo lissafin gida. A ce malami ya yanka jikka 20 a wata kafin ya riƙa zuwa gida. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jikka 42 ne, manomin Gangara ko Saye Sabuwa kuwa ba albashi yake jira ba, sai ya auna tiyoyin aya ko wake ya kai kasuwa. Abin da yakan faru shi ne a yi ciniki a rage kuɗin, malami shi kuma ya rage zuwa: sau biyu a mako, wani makon sau ɗaya, ran da aka yi biki ko rasuwa babu. An sayi sunan kur ɗin gida, an rasa yawan zaman da ke sa shi aiki. In aka raba jikka 20 ɗin nan tsakanin gida huɗu, kowa ya ba da 5, malamin bai yi asara ba, ana kuma iya riƙe shi da sharaɗin zama huɗu a mako.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya sayowa. Malaman lissafi da na kimiyyar fizik a ƙaramin gari ana ƙirga su da yatsu, maraicensu kuma guda ne kamar na kowa. Mutumin Tsibiri yana da sauƙi, don Maraɗi na kusa, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu neman na sabulu suna iya hawa babur su zo. Gidan Sori da Cadakori ba su da wannan gatan. Duk awar da malami ya ba ɗan wani mai hali shi kaɗai, an cire ta ne daga hannun yara da dama.

Amma kada a ɗauka duk abin da aka kira kur ɗin taro ya tsira. Wanda aka fi gani shi ne mafi rauni. Bayan la'asar a buɗe aji, yara 40 ko fiye su cika shi, kowa ya biya ɗan abin da ya samu. Malami ya juya baya ya cika allo da gyaran tsohuwar jarrabawa, layi bayan layi, alli yana zuba a hannun rigarsa. Ya waiwayo ya ce, "Kun gane?" Ajin ya amsa baki ɗaya, "Mun gane, mushe." Na gaba su uku ko huɗu sun gane da gaske, da ma su ne masu ganewa da safe. Na baya suna kwafa da kyakkyawan rubutu, har da jan layi da jan biro a ƙarƙashin amsa, ba wanda ya leƙa kayensu ya ga inda ƙafarsu ta zame. Wannan ajin safe ne aka maimaita da yamma, sai dai yanzu da kuɗi.

Ya fi muni idan mai kur ɗin shi ne malamin ajin. Mark Bray, wanda ya rubuta wa UNESCO littafi a kan irin wannan karatu na bayan fage a 1999, ya daɗe yana nuna haɗarin: malami na iya taƙaita bayani da safe don a biyo shi da yamma, ko makin dubawa ya riƙa karkata wajen masu biya. Ba kowane malami ke haka ba, da yawansu ma kyauta suke ƙara wa ƴan ajin jarrabawa awoyi ranar Asabar. Amma uba yana da haƙƙin ya yi tambaya.

To me ke sa rukuni ya yi aiki? Ƙanƙanta ɗaya ce, ɗayar kuma ita ce a haɗa waɗanda ciwonsu ɗaya. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ɗauki ƴan mata daga cikin unguwa a biranen Mumbai da Vadodara, ta ba kowace yara 15 zuwa 20 da aka bari a baya, awa biyu kullum, suna koyon abin da suka rasa maimakon abin da manhaja ta ce. Masanan da suka auna shirin, ciki har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka sami kyautar Nobel a 2019, sun ga mafi raunin yaran su ne suka fi ƙaruwa. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a nan: shirin École pour tous da hukumar JICA ta Japan ta fara a jihar Tawa a 2004, wanda ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu na COGES, daga baya ya kawo awoyin ƙari na lissafi da mutanen gari ke kula da su, kowane yaro yana aiki a littafin atisaye daidai matakinsa. Waɗannan duka a firamare aka yi su, amma ɗan turwaziyam da bai iya rabawa ba ciwon firamare ke damunsa.

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san tsarin. Almajirai suna kewaye da malam, amma ba darasi guda ake yi musu ba. Kowa da littafinsa da inda ya tsaya. In layi ya zo kansa ya matso ya karanta, malam ya fassara ya gyara, sauran suna saurare suna tsintar abin da ba su kai ba ko suna tuna wanda suka wuce. Kowa ya sami rabonsa na ido da ido, kowa kuma ya ci arzikin kuskuren ɗan uwansa. Malamin kur mai yara huɗu zai iya yin haka: ya ba uku atisaye, ya zauna da na huɗu minti goma, ya sa shi ya faɗi da bakinsa yadda ya bi ya kai ga amsa, in Faransanci ya ƙi ya faɗa da Hausa, sannan a juya.

Ga ƴan mata maganar ta wuce ta maki. A jihar Maraɗi, inda binciken 2012 ya nuna kusan mata 9 cikin 10 an yi musu aure kafin shekara 18, yarinyar da ta kai tarminal ta riga ta tsallake shingaye da yawa, abu kaɗan kuma ke sa a ce ta zauna gida. Iyaye da dama ba za su yarda namiji baƙo ya keɓe da ƴarsu ba, ba kuma za su bar ta ta fita kur bayan magariba ba. Ƴan mata uku ko huɗu a zauren gidan ɗayarsu, da rana, uwa tana jiyo su daga tsakar gida, wannan kusan kowa yana iya amincewa da shi. Haka ɗaliban ƙauye da ke zaune hannun mai masauki a Agye ko Gidan Runji: ba su da ɗakin da za su karɓi malami, sau da yawa ma da aikin gidan suke biyan zamansu.

Su kansu ɗaliban sun daɗe da gano nasu. Ƴan tarminal D sukan haɗa kai su biyar ko shida, su sami guntun katako su shafa masa baƙin fenti, su jingina shi a bango ƙarƙashin fitilar sola ta bakin hanya, shayi yana kan gawayi. Wanda ya fi iya lissafi ya riƙe alli yau, gobe mai kimiyyar halittu ya karɓa. Da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, har layin Katsina da ke sauka a Gazawa, ba ta dawo da ita ba sai Maris ɗin 2024, fitilun nan da tocilan waya ne suka riƙe karatun dare. Raunin irin wannan fada shi ne in duka suka fahimci abu a karkace, babu mai tayar da su. Malami ya leƙo su ko sau ɗaya a mako ya duba abin da suka yi, ya wadatar.

Kur ɗin mutum ɗaya yana da wurinsa, kuma wurin a bayyane yake. Yaron da ya yi jinya ya rasa wata biyu, ko wanda karatun Faransancinsa ya yi nisa a baya har yana jin kunyar buɗe baki gaban sa'o'insa, yana buƙatar wanda zai zauna da shi shi kaɗai. Cibiyar nan ta Ingila ta ce gajeren zama ne ya fi, kamar minti 30, sau 3 zuwa 5 a mako, na tsawon mako 10 ko ƙasa da haka. Bayan nan sai ya koma cikin rukuni. In aka bar shi shekara guda da malami a gefe, sau da yawa malamin ne ke ƙarewa da yin aikin gidan, yaron yana gyaɗa kai, ranar jarrabawa kuma ba a shiga da malami.

Uban da bai yi lakwal ba ma yana iya bin sawun kuɗinsa. Ya tambayi su nawa ne a rukunin, sau nawa suka zauna a makon nan, ko an gwada yaron kafin a fara don a san inda ya tsaya. Sannan ya ce a kawo kayen kur ɗin ya buɗe. In shafukan tsaf suke, babu kuskure ko ɗaya, kwafa aka yi daga allo. In ya ga rubutun yaron da kansa, an soke wani wuri, malami ya gyara da jan biro, an sake gwadawa a ƙasa, to ya biya kuɗin wata mai zuwa.